Ranar da Rabilu Ya Kwance Taragona

Son a gani, shi ne laifin da zan ba ku labarinsa yau, kuma kada wata ta ce mini ƙaramin laifi ne. Ɓarawo ɓoyewa yake yi in zai yi abin kunya. Mai son a gani kuwa da bakinsa yake kiran jama'a su zo su shaida. Ku gyara zama, masu karatu, don ni har yanzu ko ƙarangiyar Guci ban gama cirewa daga bakin lafayata ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Nazifa, tela ce ni a Kwaya, keken ɗinkina yana ƙarƙashin rumfa a tsakar gidanmu. Babana Malam Wada manomin gero ne da gyaɗa, amma in ka shigo gari ka tambayi gidan Wada manomi, gida biyar za a nuna maka. Ka ce Wada Mai Jirgi, ko makaho ya kai ka.

Kun san ƙasarmu ta nan ba layin dogo. Baba a Nguru ya ga jirgin ƙasa, lokacin da yake zuwa cin rani yana saurayi, ya dawo da shi cikin kansa ya kasa saukewa. Bayan shekaru ya tsinci wani ɗan kan jirgi na wasa cikin kayan gwanjo a kasuwar Maigatari, ƙafa ɗaya ta karye, ba ya ko motsi. Ya kwance shi da bakin aska, ya goge, ya ɗiga masa man keken ɗinkin Innata, ya sa masa batir. Abu ya tashi. Tun daga ranar zaurenmu ya daina zama zaure, ya koma tasha.

Mai ciwo shi ya san ɗan'uwansa. Sannu a hankali masu irin wannan ciwon suka gano juna, daga Magariya, daga Dungas, daga Guci, har da na ƙetaren iyaka, suka buɗe gurup a waya suka sa masa suna Ƴan Dogo. Wannan ya turo hoton ƙafar da ya rasa, wancan ya aiko masa da ita hannun direban tasha. Dogon da ƙarfen tsohuwar lema suke yinsa, a miƙar, a kafe bisa ƴan guntayen katako. Dokarsu biyu ce tak. Ta farko, faɗin dogon kowa faɗin kwalin ashana ne, don na Dungas ya haɗu da na Kwaya ba gardama. Ta biyu, kai ba ya tafiya ba tarago. Duk shekara bayan an gama kai amfani rumbu, sai su haɗu a Guci, kowa ya zo da dogonsa a jona, kowa ya zo da taragonsa ɗauke da abin da Allah ya ba shi a gonarsa, a zaɓi kan jirgin mutum ɗaya ya ja na kowa.

Bana kan jirgin Rabilu aka zaɓa.

To, ga wurin da nake sunkuyar da kai. Rabilu yana da butik a Magariya, yana sayar da fitilu masu caji da kayan gyaran salula. Ta gurup ya san Baba, ya fara zuwa zaurenmu da ƴan injuna da yake cirowa daga matattun rediyo, kyauta, ba a roƙe shi ba. Ran da na kawo musu fura ya ga ƴan buhunan da nake ɗinka wa taragon Baba, kowane bai fi babban yatsa ba, ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya ce wanda ya ɗinka wannan ko sauro zai iya ɗinka wa riga. Na ce ni ce, kuma ba na karɓar aikin sauro, ba ya biya. Ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa. Da na koma ciki na daɗe tsaye gaban tukunya ban san me na zo ɗauka ba.

Daga nan saƙonni suka fara. Gimbiya yake ce mini. Da safe: “Gimbiya, kin tashi lafiya? Kan jirgi yana gaida tarago.” Da rana ya turo hoton hannunsa baƙi ƙirin da dalma. Ni kuwa sai na karanta, na kife wayar, na ɗaga, na sake karantawa, sannan na amsa da kalma biyu kamar ban damu ba. Ƴan mata, kada ku yi mini dariya, na san kuna yi ku ma.

Manyansa sun zo sun gaida Baba tun kafin damina ta ɗauke. Tun ranar Gwaggo Ƙande, yayar Baba, ta mai da gidanmu gidanta. Ta zauna bisa tabarma kusa da kekena tana ɓarar gyaɗa tana ɓarar da ni. Wai ƙanwata Rukaiya har ta yi goyo, ni ina nan ina auren zare da allura. Wai yaro mai butik, mai moto sabo, wato babur, mai ladabi, wanda har haukan ubanki ya iya, me kike jira, saukar wahayi? In na ce ina dubawa ne, ta ce mai duba da yawa a kasuwa da wofin kwando yake komawa.

Baba shi bai taɓa matsa mini ba. Sau ɗaya ya yi magana, yana zaune yana miƙar da ƙarfen lema da ƴar guduma, ko ɗago kai bai yi ba.

“Nazifa, ba na aurar da ɗiya dole, amma ba na shanya ɗan mutane a rana. Mu je Guci mu dawo. Washegari ki ba ni amsa, e ko a'a.”

Na ce to, Baba. Kuma ku ji gaskiya tun yanzu, amsata tana cikin bakina a naɗe. E ce. Har kalar kayan ɗaki na zaɓa a zuciyata.

Ana sauran ƴan kwanaki ya turo mini bidiyon kan jirgin, ya ce kada in nuna wa kowa. Wayyo, masu karatu, da kun gan shi. Ya fenta shi kore shar, ya zana masa jan layi a ƙugu, ya sa masa ƴar fitila a goshi. Cikin bututun hayaƙin ya soka guntun turaren tsinke mai wuta, jirgi yana tafiya yana hayaƙi yana ƙamshi. Tsohon injin cikinsa ya cire, ya sa na askin lantarki, ya haɗa da batirin salula. Makunnin kuma hawa biyu ya yi masa. Hawa na farko na ja da kaya ne. Na tambaye shi na biyun fa. Ya turo hoton dariya ya ce na biyun na Damagaram ne, don akwai wani Aboubacar mai ɗora bidiyo da ya gayyato daga can, mutum dubu nawa ke kallonsa.

Sai ya roƙe ni wani abu. Wai buhunan taragona, tunda bana ni ma na yi nawa na kaina, in cusa musu soso maimakon gyaɗa, su yi sauƙi, ai ba wanda zai buɗe. Na rubuta masa cewa buhun gyaɗa gyaɗa ake zuba masa, in soso yake so ya je wurin mai katifa. Ya ce wasa yake. Na yarda wasa ne. So hana ganin laifi, in ji masu magana, kuma ba su yi ƙarya ba.

Ranar Guci tun da sassafe na yi wanka. Na ɗaura lafayata ruwan ƙwai mai ratsin zaiba, lallen da Rukaiya ta zana mini ya kama ja wur, na sa ɗan kunnen azurfa na Innata, na shafa humra daidai wadda ba za a ce na yi don wani ba. Taragona na naɗe shi a ɗankwali na rungume. Da gwangwanin tumatir na yi shi, na buge shi ya miƙe, na fenta shi shuɗi, na jera masa buhuna cike da gyaɗar gonarmu, na ɗaure da zaren lilo. Dogon Baba kuwa amalanke guda ya ci, aka tura shi gaba tun jiya, mu muka bi motar kasuwa.

Filin yana gefen kasuwa, inda ƙasa ta yi tauri kusa da lambunan rake. Kafin hantsi ya cika. Maza durƙushe cikin manyan riguna suna jona dogo, kowa da kwalin ashana a hannu yana gwadawa, suna musu, suna dariya. Layi ya miƙe tun daga gindin gawo, ya bi ta bayan runfunan masu goro, ya gangara, ya yi kwana kusa da wata rijiyar lambu mai baki daidai da ƙasa, ya dawo. Kwanar nan dogon Baba ce, shi ya jona ta da hannunsa, ya buɗa ta sosai. Mata masu tallan nono suka sauke ƙorai suka tsaya. Har mai rake ya bar rakensa.

Baffa Hamman ya iso da taragonsa a kafaɗa kamar ɗan maraƙi. Bafulatani ne na nan Guci, mai shanu mai gona, sa'an Baba. Taragonsa ƙahon bajimi ne ya kwantar bisa gindin tsohuwar hauya, ya cika shi da kindirmo ya toshe. Ya fi na kowa nauyi, ya fi na kowa muni, kuma duk shekara shi ake fara tafa wa. Auwalu na Dungas, wanda yake Babarbare, ya ce a duba da kyau, kada Bafulatani ya cika shi da ruwa kamar yadda suka saba. Baffa ya ce ai shi ya sa ya toshe, ya san bawansa yana kusa, zai lashe kafin a tashi.

Sai ga Rabilu. Farar shadda tana ɗaukar ido, hula a karkace, moto yana walƙiya, kan jirgin a cikin akwati mai auduga. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya saci kallona, ni kuma na duƙa ina gyaran takalmin da bai lalace ba.

Aka jera taragai. Na waken Auwalu, na dawa, na rake, na kindirmon Baffa, nawa a ƙarshe. Rabilu ya kunna turaren, ya ɗora kai bisa dogo, ya maƙala ƙugiya, Baba ya yi bisimilla. Ya murɗa hawa na farko.

Ya tashi. Wallahi ya tashi kamar mai rai. Ƙaf ƙaf ƙaf bisa mahaɗin dogo, hayaƙi yana bin bayansa, taragai suna rangaji ɗaya bayan ɗaya kamar ƴan matan amarya. Jama'a suka bi shi ta gefe biyu, tsofaffi suna tattare riga suna sauri. Wata mai nono ta rangaɗa guɗa. Ya gangara, ya shiga kwanar rijiya, ya karkata kaɗan, nauyin da ke bayansa ya riƙe shi, ya fito lafiya lau. Taragona shuɗi yana biye, ko buhu ɗaya bai faɗi ba. Na ga Baba yana share ido da bakin rawani. Na dubi Rabilu na ce a raina, wannan nawa ne, gobe zan faɗa.

Ganga in ta cika zaƙi, fashewa take shirin yi.

Ana cikin zagaye na biyu Aboubacar na Damagaram ya iso, da wayarsa bisa dogon sanda. Ya ɗauka kaɗan, ya taɓe baki, ya ce abin ya yi kyau amma masu kallonsa ba sa tsayawa kan abu mai tafiyar hawainiya. Ina kallon fuskar Rabilu lokacin. Kamar an watsa mata ruwan zafi.

Da jirgi ya dawo gindin gawo ya tsai da shi. Ya sa hannu ya cire taragon Baffa Hamman, ya ajiye shi cikin rairayi, ya ce wannan ƙahon shi ke danne masa inji, ai ba mahauta aka zo ba. Baffa ya ɗauki ƙahonsa ya kakkaɓe masa ƙasa da hannun riga.

Baba ya ce, “Rabilu, kai ba ya tafiya ba tarago.”

“Zagaye ɗaya ne, Baba. Ɗaya kawai.”

“Kwanar can don mai kaya aka yi ta. Kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.”

Ya yi murmushi irin na wanda ya ji amma bai saurara ba. Ya cire na wake, ya cire na dawa, ya cire na rake. Saura nawa. Na ce a raina, a nan zai tsaya. Ko don ni zai bar ɗaya, ya maƙala shi, a ce doka ba ta karye duka ba. Na matsa har inuwata ta faɗi bisa hannunsa.

“Har nawa?” na ce.

“Ke ma, Gimbiya. Gyaɗar nan taki nauyi gare ta. Ai na gaya miki.”

Ya ɗaga shi ya miƙo mini, idonsa yana kan wayar Aboubacar. Na karɓa. Ya murɗa hawa na biyu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, gudun ya yi kyau. Kore ya wuce kamar an harba kibiya, turaren ya tashi sama, kaji suka watse, matasa suka ɗauki ihu, ni kaina sai da bakina ya buɗe. Ya wuce runfunan goro kafin mai goro ya juyo. Ya kama gangara, gudu ya ƙaru. Rabilu yana tsalle yana cewa a ɗauka, a ɗauka. Ya iso kwana. Dogo ya lanƙwasa, shi bai lanƙwasa ba. Ba abin da zai ja shi ta baya ya zaunar da shi. Ya tashi sama da fitilarsa a kunne, ya dira, ya yi tsalle biyu cikin ciyawa, ya shige tsakanin ƙafafun wata mai ɗiban ruwa.

Muka ji cumbul.

Da a nan abin ya tsaya, masu karatu, da wataƙila gobe e ɗin nan tawa ta fita duk da haka. Kowa yana tuntuɓe. Na ma fara jin tausayinsa ganin yadda ya durƙusa bakin rijiya, farar shadda cikin taɓo, yana leƙen ruwa. Amma ya miƙe, ya juyo gaban jama'a da gaban waya, ya nuna Baba da yatsa. Ya ce dogon tsoho ne ya karkace, hannu ya fara rawa, ido ya fara hazo, ya kamata a san lokacin da mutum zai bar wa yara aiki. Baban da ya buɗe masa zaure. Baban da gobe yake so ya kira suruki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Baba ya juya ya tambayi Auwalu ko ya zo da nasa kan jirgin. Auwalu ya zaro shi daga aljihu, wani ɗan baƙi mai fenti a ɓaɓɓake, batir biyu na rediyo ɗaure da roba. Aka sake jera taragai. Baffa Hamman ya ɗora ƙahonsa ya ce yau dai bawa zai ja ubangidansa, haka Allah ya tsara tun farko. Ni da hannuna na maƙala nawa. Ɗan baƙin ya yi nishi, ya ja, ya tafi a hankali, ya gangara, ya shiga kwanar nan ta Baba ya fito, jama'a suna biye suna tafi, suka ratsa ta gefen Rabilu kamar kututture ne a hanya.

Shi kuwa mai lambu ya riga ya riƙe masa hannun moto. Rijiyar nan mutane suna sha, shanu suna sha, ga batirin salula a cikinta. Aka kira mai unguwa. Hukunci bai yi tsawo ba: a kwashe ruwan duka, a yashe ta, kuma wanda ya jefa shi zai ja guga, shi zai sauka. Da muka hau mota bayan la'asar na hango shi ba hula, ya naɗe hannun riga, yana ja yana zubarwa, Aboubacar yana tsaye a kansa da sandar wayarsa.

Kafin mu iso Kwaya bidiyon ya riga mu. Gwaggo Ƙande ta gani a wayar maƙwabta. Na shiga na same ta bisa tabarma da kwanon gyaɗa a gaba, ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Baba ya yi alwala, ya tsaya bakin rumfata ya ce, “Gobe, Nazifa,” ya wuce masallaci.

Ina ninke lafaya wayata ta yi ƙara.

“Gimbiya, kada ki damu da abin yau, zan haɗa wanda ya fi shi. Mutum dubu sun gan ni. Gobe da hantsi ina tafe jin albishir.”

Ko kalma ɗaya ta ban haƙuri ga Baba babu a ciki. Na karanta sau ɗaya, wannan karon sau ɗaya ya ishe ni, na kife wayar.

To ga lissafin abin da son a gani ya ci wa Rabilu a yini guda. Kan jirgi kore da fitilarsa da injinsa, yana ƙasan rijiyar Guci. Farar shadda, ta zama tsumma. Gurup na Ƴan Dogo, Auwalu ya fitar da shi kafin magariba, ba wanda ya ce don me. Zauren Baba, an ɗauke tabarmar da yake zama. Ukun farko ya san ya rasa su, na huɗun sai ya zo zai gani. Na biyar ɗin ni ce, kuma bai sani ba tukuna, yana can yana wanke motonsa.